Murfin Hajiya Indo

Duk ranar kasuwar Kurfi ba na rasa samari a bakin rumfata, sun harɗe hannu suna kallon zubi. Su ga na kwarara narkakken ƙarfe cikin ƙasa, an ɗan jima ɗana Lawal ya fasa akwati, tukunya ta fito tana hayaƙi, sai ka ji wani ya ce, "Ashe ma abin ba wuya." Kwanan baya wani mai farar shadda har cewa ya yi in na ba shi wata biyu zai buɗe tasa rumfar a Dutsin-Ma. Na ce ya zo gobe da shaddar, dama muna neman tsumman kama awartaki. Bai dawo ba. To ku da kuka dawo, kuka ce da gaske kuke son koyo, ga abin da nake so ku sani kafin ku taɓa ko da rariya.

Aikin farko da maigidana Baba Mamman ya ba ni shi ne tankaɗe ƙasa, kuma na fi shekara bai ba ni wani ba. Daga bakin wani gulbi ta wajen Rawayau muke ɗebo ta a kan jaki, mu shanya, mu daka, mu tankaɗe, sannan a yayyafa ruwa a cuɗa. Baba Mamman ba ya bayani. Zai zo ya dunƙula ƙasar a tafin hannu, ya karya dunƙulen biyu. In ya karye tsaf, bai marmashe ba, bai kuma bar masa laima a hannu ba, sai ya wuce bai ce uffan ba. In ya marmashe ko ya manne, sai ya watsar ya ce, "Sake." Daga baya na gane dalilinsa. Busasshiyar ƙasa rushewa take yi cikin zubi, jiƙaƙƙiya kuwa in narkakken ƙarfe ya same ta, tofo maka shi take yi a jiki. Tabon da ke ƙwaurina na dama aikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, kuma ba ni na cuɗa ta ba.

Bayan ƙasa sai sanin goran ruwa, wato farin ƙarfen nan mara nauyi da muke narkawa. 'Yan jari bola su sauke maka buhu, kai kuma ka zauna ka ware da hannunka. Fistin mota da kan inji suna narkewa da kyau, suna bin kowane lungu, amma in su kaɗai ka zuba tukunyar gautsi gare ta, tana faɗuwa za ta tsage. Gwangwanin lemo da tsohuwar waya suna da taushi, sai dai gwangwanin rabinsa datti ne da za ka kwashe a sama. Dole ka haɗa, kuma ba wanda zai auna maka. Akwai kuma abin da bai halatta ya shiga tukunyar abinci ba ko kaɗan, irin su dalmar batir. Da nauyinsa ake gane shi. Duk wanda na kama ya jefa mini shi a kaskon narka ƙarfe, ranar ce ƙarshen zamansa a rumfata, ko ɗan wane ne.

Amma duk wannan share fage ne. Ginshiƙin sana'ar shi ne abin da muke kira uwa. Uwa tukunya ce da ba a girki da ita, aikinta kawai ta bar siffarta a cikin ƙasa. Za ka cika cikinta da ƙasa ka daddanna, ka kife ta, ka ɗora akwatin katako, ka barbaɗa toka don kada ƙasar ciki ta manne da ta waje, ka cika akwatin, ka kirɓa da taɓarya. Sannan ka buɗe, ka zare uwar a hankali, ka mayar ka rufe. Gurbin da ta bari, shi narkakken ƙarfe zai cika. Abin da ya fito muna ce masa ɗiya, ita ce kuke gani a kasuwa.

Ga kuma abin da mai kallo ba ya gani: ɗiya ba ta taɓa fitowa daidai da uwa. Goran ruwa in yana hucewa tsukewa yake yi. A ƙaramar tukunyar miya ba za ka lura ba, amma a babbar tukunyar biki bakin yakan ragu da kamar kaurin biro. In uwarka ta lalace ka ɗauki ɗiya ka mai da ita uwa, to tata ɗiyar za ta ƙara raguwa. Haka abin zai yi ta yin ƙasa, lambar da ke jikin tukunyar kuwa tana nan ba ta canza ba. Baba Mamman bai taɓa shiga wannan matsala ba. Yana saurayi ya yi aiki a wata masana'antar zubin ƙarfe a Kaduna, da zai dawo gida ya sayo uwaye daga can, masu kauri, an yi su da ɗan ƙari ta yadda ɗiyarsu za ta fito daidai lamba. Da ya rasu su ne gadona, kuma da su na yi suna tun daga Kurfi har ƙauyukan Makera.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda goran ruwa ya yi tsada kamar ba a ƙasar ake samunsa ba. Manyan motoci suka riƙa kwashe shi suna fita da shi. Kasuwannin ƙauye kuma suka yi sanyi, don mutane sun ji tsoron hanya. Abokan sana'ata da yawa suka rufe, wani ya koma acaɓa, wani ya koma gona. Ni ban rufe ba. Sai wata safiya na zo na tarar an ɓalle ƙofar rumfar, an kwashe uwayen kaf. Wanda ya ɗauka bai san me ya ɗauka ba, nauyinsu kawai ya gani. Na bi wuraren 'yan jari bola har Katsina, amma irin wannan kaya kafin ka juya an farfasa shi da guduma. Na dawo na bi gidajen da na taɓa sayar wa tukwane, na sayo tsofaffin ɗiyan na mai da su uwaye. Ɗiya kuwa ba ta da kaurin jure taɓarya. Ta yi shekara biyu ko uku ta lotse, in ɗauki ɗiyarta in ci gaba. Na san abin da ke faruwa sarai, amma ba ni da wata hanya, kuma ba wanda ya yi magana.

Sai Hajiya Indo ta yi. Hajiya Indo mai abinci ce a tashar Dutsin-Ma, tun zamanin Baba Mamman take sayen tukunya a hannunmu. Duk masu abincin tasha da na bakin jami'a ita suke kallo, inda ta sayi tukunya can suke saye. Babbar tukunyarta ta shinkafa, zubin Baba Mamman da kansa, gindinta ya huje bayan shekaru masu yawa, murfin kuwa ko lotsawa bai yi ba. Ta aiko a zuba mata sabuwa. Na zaɓi ƙarfe mai kyau, na zuba, na goge ta da magagari har tana ɗaukar ido, na kai mata da kaina. Tana ɗora murfin ya zauna a sama yana rawa, kamar faifai a kan ƙaramar ƙwarya. Ta sa aka ɗora tukunyar a kan murhunta na laka, wanda aka gina daidai da tsohuwar, sai ta nutse har kunnuwa.

Ta dube ni ta ce, "Malam Haruna, wagga tukunya ciwo ta yi?"

Na ce, "Lafiyarta lau, Hajiya."

"To mi ya ramar da ita? Murfin nan dai bai ƙara ƙiba ba, ina tare da shi tun kana tankaɗe ƙasa."

Na ce sai in zuba mata sabon murfi daidai da ita.

Ta ce, "Sannan ka zo ka sake mani murhu. Sannan ka tsaya bakin tasha ka gaya ma masu cin abincina su rage ciki. A'a, Malam Haruna. Ga murfin nan, tahi da shi. Bayan Sallah akwai bikin ɗiyar ƙanena, manya huɗu nake so. In ba ka iya yi mani irin ta da, in aika murfin Kano. Kuma ka san in na tahi, ba ni ɗaya zan tahi ba."

Gaskiya ta faɗa. In masu abincin Dutsin-Ma suka juya mini baya, sai dai in koma zuba ludayi da kaskon suya. Na dawo na gwada abin da kowa ke gwadawa, na manna kwali a bayan uwar don ta ƙara girma. Bayan ya ƙaru, amma cikin yana nan yadda yake, don cikin uwa ne ke ba da cikin ɗiya. Abin da na samu tukunya ce mai nauyin tsiya, ta cinye ƙarfe, za ta cinye itace, kuma ba ta ɗauki ko ƙarin cokali ɗaya ba. Na mayar da ita cikin kasko na narkar.

Ana cikin haka ɗiyata Saratu ta haihu a Kaduna, muka tafi suna. Na ɗauki igiya na auna bakin murfin, na ƙulla, na sa a aljihu, da niyyar in zaga wuraren tsofaffin ƙarafa ko Allah zai sa in yi karo da tsohuwar tukunya mai wannan faɗi. Na zaga, ban samu ba. Washegarin suna mijinta, Malam Nura, ya ce zai kai ni wani wuri da zan so. Wai wata tsohuwar masana'anta ce da aka rufe, aka mai da wani babban ɗakinta gidan adana kayan tarihin masana'antun garin. Na ce masa ni kullum cikin mataccen ƙarfe nake, ba sai an kai ni kallonsa ba. Ya dai matsa, ni kuma ban so in ba suruki kunya, na bi shi.

Warin tsohon giris ne ya fara tarbata. Ɗakin ya fi filin kasuwar dabbobinmu tsawo, rufinsa can sama, tattabaru na shawagi. Ga injunan saƙa a jere, wasu har da zare a jikinsu, kamar an tafi sallah ne za a dawo. Ga injin matse auduga, ga na tatsar man gyaɗa, ga na buga kwanon sha, ga jiniyar da ke tashin ma'aikata. A bango hotuna ne na mutane suna fitowa daga ƙofar masana'anta, keke a kan keke, ba ka ganin ƙasa. Ni kuwa idona na sana'a ne. Duk abin da na kalla sai in ji ina raba shi a raina, wannan baƙin ƙarfe ne, wancan goran ruwa ne, zai ba da tukwane kaza. Na ga wani dattijo tsaye gaban injin saƙa shi kaɗai, hannuwansa na motsi a iska, yana kama zaren da babu. Na yi masa sallama bai ji ba. Matarsa ta ce ƙarar injunan ce ta cinye masa kunne. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, na daina lissafin tukwane.

A can ƙarshen ɗakin aka ware wa masu zubi kusurwarsu. Manyan ludayan ƙarfe, akwatuna, awartakai da suka fi ni tsawo. Sai ga ta a kan wani teburi: uwar tukunya ta katako, an shafe ta da jan fenti, babba, ƙirar irin ta Baba Mamman sak, har yadda wuyan ya lanƙwasa. An gitta igiya don kada a matsa kusa. Ban san lokacin da na tsallake ta ba, na zaro tawa igiyar daga aljihu.

"Baba, don Allah a dawo bayan igiya."

Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in, da tabarau, ita ke kula da wannan ɓangare. Daga baya na ji sunanta Malama Asabe. Na ce mata ni mai zubi ne daga Kurfi, ba ɓarawo ba, aron wannan uwar nake so na kwana kaɗan, in danna ta a ƙasa sau ɗaya in dawo da ita. Malam Nura sai jan hannun rigata yake yi.

Ta ce, "Ba ta fita daga ɗakin nan, Baba. Ko da tana fita ma, ba za ta yi maka aiki ba. Zo ka gani."

Ta sa safar hannu ta ɗan karkata ta. Cikin duk gara ta cinye, fenti da gam ne kawai suka riƙe ta. Taɓarya ɗaya za ta mai da ita gari. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da abin da na gani. Na ce to mene ne amfanin tara kayan da ba za su ƙara yi wa kowa aiki ba? Ba ta ji haushi ba. Ta tambaye ni me ya kawo ni har na tsallake igiya. Na gaya mata labarin uwayen da aka sace, da murfin, da yadda tukwanena ke ramewa. Ban gama ba ta gane. Ashe mahaifinta kafinta ne a irin wannan masana'anta, su ne masu sassaƙa uwaye, a cikin askin katakonsu ta girma.

Ta buɗe wani akwatin gilashi ta ɗauko rula ta katako, ta jera ta da rula irin ta 'yan makaranta. Daga farko lambobinsu tare suke tafiya, amma kafin a kai ƙarshe tsohuwar ta ɗan wuce. Ta ce kowane inci nata ya ɗara na gaskiya kaɗan, daidai abin da ƙarfe zai tsuke. Kowane irin ƙarfe da tasa rular, wannan ta goran ruwa ce. Kafinta ba ya wani lissafi, da ita kawai yake awo, ƙarin ya shiga da kansa.

Na ce, "To na ji. Amma wa zai sassaƙa mani katon katako irin wanga a Kurfi, ya fito da'ira ba karkace?"

Ta ce, "Ba lallai sai an sassaƙa ba."

Ta kai ni gaban wani abu da na riga na wuce ban ko kalla ba. Rodi ne a tsaye, an rataya masa falankin katako wanda aka yanke gefensa da siffar rabin tukunya. A ƙarƙashinsa tulin yashi. Ta kama falankin ta zagaya da shi, yana share yashin, yana sharewa, sai ga tukunya a kife ta fito a gabana, sumul, ba uwa ba komai. Ta ce haka suke yi wa duk wani abu mai da'ira da ya yi girma da yawa. Na sa ta sake, ta sake. Shekara arba'in da wani abu ina zubi ban taɓa ganin wannan ba, don Baba Mamman a wajen wuta ya yi aiki, bai taɓa shiga ɗakin kafintoci ba. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Daɗi na ji, irin wanda na daɗe ban ji ba.

Ta karɓi igiyata ta auna da rular 'yan makaranta, ta nemo wannan lamba a doguwar rular, na ƙulla sabon ƙulli a wurin. Har na mai da igiyar aljihu sai na tsaya. Na ce, "Malama, wannan in tukunya ɗaya zan zuba ke nan. Ni uwa nake so. Ita za ta tsuke, ɗiyarta ma ta tsuke. Sau biyu ke nan."

Ta yi dariya ta ce, "Haka Babana yake yi in uwar ƙarfe za a zuba. Ƙara wani ƙullin."

To a nan ne nake so masu cewa ba wuya su buɗe kunne. Abin da Malama Asabe ta yi da yashi cikin ƙiftawar ido, ni sai da ya ci mini kusan duk watan azumi. Wani kafinta a Dutsin-Ma ya yanka mini falanki biyu, ɗaya na ciki, ɗaya na waje, bambancinsu kaurin tukunya. Na kafa rodi, na cuɗa laka da kashin jaki da ƙaiƙayi, na gina tudu, na share shi da falankin farko. In ya bushe a barbaɗa toka, a shafa wata lakar a kai, a share da falanki na biyu. Wannan ɓawon laka shi ne tukunyar ƙarya. A ɗora akwati a kirɓa ƙasa a kanta, a ɗaga, a ɓamɓare ɓawon a zubar, a mayar da akwatin, a zuba ƙarfe a gurbin.

Na farko na yi gaggawa na shanya a rana, ya tsattsage. Na biyu ya bushe lafiya, muka zuba, ashe rodin ya ɗan karkata, gefe ɗaya ya fito da kauri, ɗayan kana iya huda shi da ƙusa. Lawal, wanda shi ma magidanci ne da 'ya'yansa, ya zauna a kan buhun gawayi ya ce, "Baba, mu ma mu riƙa saro na Kano muna saidawa mana, mu huta." Na ce masa ranar da na koma dillalin tukunyar wani, ya nemi wanda zai gada, ba ni ba. Muka haƙa rami muka dasa rodin da siminti, na rataya dutse a zare na daidaita shi ta kowane gefe. Na uku ya fito. Na kwana biyu ina bin ta da magagari, ciki da waje, na haɗa mata kunnuwa.

Ranar da na gama gugar ta faɗo ranar kasuwa. Na jingine ta a kan tabarma, ko ɗiya ɗaya ban kai ga zubawa da ita ba. Da hantsi sai ga Hajiya Indo ta sauko daga motar Dutsin-Ma, da wasu masu abinci uku a bayanta, sun zo sayen barkono da man gyaɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce murfinta ta zo amsa, Sallah ta matso, direban Kano gobe zai tashi. Sai idonta ya faɗa kan uwar. Ta ɗauki murfin da kanta ta ɗora. Ya zame ta gefe ɗaya ya faɗa ciki, ƙarar ta cika layin. Masu kallo suka kwashe da dariya.

Ta ce, "Ikon Allah. Da ta rame, yanzu kuma kumburi ta yi. Malam Haruna, ko dai tsufa ne?"

Na ce, "Wagga ba taki ba ce, Hajiya. Ita za ta haifi taki. Ki tahi ki yi cefanenki, ki biyo bayan la'asar."

Ta ciro murfin ta maƙale a hammata. "Zan biyo, don hanyata ce. Amma murfin yana hannuna."

Suna juya baya na ce wa Lawal ya hura wuta biyu. Babbar tukunya kasko ɗaya ba ya cika ta, kuma ba a zuba rabi a dawo a ƙara, dole mutum biyu su kwarara a lokaci guda ta ƙofa biyu da aka huda a saman ƙasar, in ɗaya ya yi jinkiri ƙarfen ya haɗu da tabo a tsakiya, nan kuma za ta yoyo. Ni na cuɗa ƙasar da hannuna. Muka cika, muka kirɓa, muka zare uwar, ta fito ba ta ja ko ƙwayar ƙasa ba. Muka yi azahar a nan bakin rumfa. Da ƙarfen ya yi, na kwashe dattin sama, na dubi Lawal, ya dube ni, muka yi bismillah muka kwarara tare har ya leƙo ta ƙofofin biyu. Gabana bai faɗi a kan zubin ba, wannan na san hannuna. Ƙulli na ƙarshen nan ne ban taɓa gwadawa ba, kuma yau za a gwada shi a gaban kasuwa.

Da Hajiya ta dawo mun fasa akwati, mun yanke ƙarfen da ya daskare a ƙofofin, amma tukunyar da sauran zafi. Ta ce a watsa mata ruwa mana, yamma na yi. Na ce ba a watsa wa sabuwar tukunya ruwa, kuma sai ta huce sarai take gama tsukewa. Ta zauna a benci tana ɓare gyaɗa, tana gaya wa matan nan yadda masu sana'ar yanzu suka lalace. Mutane suka taru, har masu sayar da buhu na maƙwabta suka bar kayansu. Na riƙa taɓa bakin tukunyar da bayan hannu. Da na ji ta yi sanyi kamar randa, na goge ƙasar bakin da tsumma, na ja da baya.

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta ɗora murfin. Ya sauka cikin gurbinsa da wata 'yar ƙara mai taushi, iska ta fita ta gefe. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama. Ta danna nan, ta danna can, bai motsa ba. Ta zare tsinken tsintsiya ta bi bakin da shi tana neman inda zai shiga, ta zagaye tukunyar kaf ba ta samu ba.

Ba ta ce mini sannu ba, dama ba halinta ba ne. Ta ce wa Lawal ya ɗaura mata ita a mota, sauran ukun kuma kada su wuce jajibiri. Sannan ta juya wajen matan da suka zo tare da ita.

"Ku da kuka riga kuka ba direban Kano saƙo, in mun isa ku je ku amso abinku. Ku gaya ma su Hajiya Mairo su ma."

Sai a lokacin na san ashe har sun ba da saƙon a sayo musu tukwanen Kano, su da waɗanda ma ba su zo ba. Na zauna a bencin da ta tashi. Lawal ya dawo daga wajen mota yana tambaya ko a kashe wutar. Na ce ya ƙara gawayi, akwai sauran rana.